Ƙauyen Indunusiya da Dukiyar da Ba a Sayarwa: Abin Lura ga Masu Bayarwa da Kwamitocin Masallatai



A wannan sashe na rahoton bana mun so mu kai masu karatu yawon buɗe ido zuwa karkarar Indunusiya, musamman tsibirin Jawa, domin akwai wata tambaya da ke yawan zuwa mana daga bayin Allah masu bayarwa da kuma kwamitocin masallatai. Tambayar ita ce: idan mutum ya zuba dukiya a ƙauye, ta wace hanya za ta ɗore har ta amfani jikokin waɗanda aka yi dominsu? Indunusiya ƙasa ce da ta daɗe tana fama da wannan tambaya, ta kuma rubuta mata dokoki. Ƙidayar shekarar 2020 ta nuna tana da mutane fiye da miliyan 270, kusan kashi 87 cikin ɗari Musulmi ne, akasarinsu mabiya mazhabar Imam Shafi'i, kuma tana da ƙauyuka kimanin dubu 75 da hukuma ta amince da su. Abin da muka fahimta daga nazarin ƙauyukanta shi ne, jari yana ɗorewa ne a inda aka tsare asalin dukiya a hannun jama'ar wurin, aka rubuta shi, aka kuma ɗora amanarsa a kan hukuma mai ba da lissafi. Za mu bi wannan magana daki-daki.

Yadda ake zama a ƙauyen Jawa

Ƙauye a harshensu ana ce masa desa. Shugabansa, wanda ya yi daidai da dagaci a wurinmu, jama'a ne ke zaɓarsa da ƙuri'a, kuma akwai majalisar wakilai da ke sa ido a kansa. A ƙarƙashinsa an kasa ƙauyen unguwa-unguwa, har zuwa ƙaramin rukuni na gidaje 'yan gomomi da ake kira RT, wanda ke da shugaba daga cikin maƙwabta. Wannan shugaba shi ne ya san wanda aka haifa, da wanda ya rasu, da wanda ya ƙaura, da baƙon da ya sauka.

Abincin yau da kullum shinkafa ce, kuma a kanta rayuwa take juyawa. Damina a Jawa tana kamawa ne daga wajejen Nuwamba zuwa Maris, amma inda akwai magudanan ban-ruwa manomi kan girbe shinkafa sau biyu ko uku a shekara. Duk da wannan albarka, ƙasar noma ta yi wa jama'a kaɗan, domin tsibirin Jawa shi kaɗai yana ɗauke da fiye da rabin mutanen ƙasar. Fiye da rabin gidajen manoman Indunusiya gonarsu ba ta kai rabin hekta ba. Da yawa suna noma gonar wani ne a raba amfani, wasu kuma 'ya'yansu sun tafi birane ko ƙasashen waje neman abin kai, suna aiko da kuɗi gida. Shi ya sa idan aka sayar da ɗan fegin gona a irin wannan wuri, iyali guda ne suka rabu da madogararsu.

Mai karatu Bahaushe ba zai ji baƙunta ba idan ya ga wasu al'adunsu. Suna da abin da suke kira gotong royong, wato aikin gayya: gyaran hanya, share magudana, ɗaga rufin gidan maƙwabci, ginin masallaci. Mata da maza suna yin arisan, wanda shi ne adashi. Zakkar fidda kai da shinkafa ake fitar da ita, kilo biyu da rabi a kan kowane mutum, kuma galibi kwamitin masallacin unguwa ne ke tarawa ya raba kafin sallar Idi. Babu wata babbar shawara da ake yankewa sai an zauna taron da suke kira musyawarah, kalmar da asalinta Larabci ne, 'yar'uwar kalmarmu ta shawara. Akwai kuma filayen da ƙauye ya mallaka a matsayinsa na ƙauye, waɗanda tun da can a Jawa ake ba shugabanni su noma a madadin albashi, su mayar idan sun sauka daga mulki. Tunanin cewa akwai dukiyar da ake cin amfaninta ba a sayar da ita tsohon abu ne a wurinsu.

Ladubban baƙo

Wanda ya je ziyara irin wannan ƙauye zai ga an rubuta a mashigar unguwanni da yawa cewa baƙon da zai wuce kwana ɗaya ya sanar da shugaban rukunin gidaje. Hikimar Hausawa ma ta ce da ɗan gari kan ci gari. Baƙon da ya fara da gaida shugaban unguwa da limamin masallaci ya buɗe wa kansa ƙofofi. Ana cire takalmi a bakin ƙofa, ana miƙa abu da karɓarsa da hannun dama, ana sassauta murya. Mutanen Jawa suna da kunya da kawaici ƙwarai, har yarensu yana da matakai na girmamawa, wanda ake yi wa babba daban da wanda ake yi wa tsara.

Wannan kawaici yana da muhimmanci ga duk mai niyyar taimako. Mutum zai iya yi maka murmushi ya ce to, alhali zuciyarsa ba ta amince ba, don kawai ba ya son ya kunyata baƙo. Mai bayarwa da ya zo na kwana biyu, ya faɗi abin da yake son ginawa, ya ga kowa ya gyaɗa kai, zai iya komawa da zaton jama'a sun yarda. Yardar gaskiya sai a taron shawara ake samunta, bayan baƙo ya tafi ko ya yi shiru. Sannan ya kamata a sani cewa bizar ziyara ba ta ba mutum damar yin aiki ko gudanar da kasuwanci a ƙasar ba.

Abin da doka ta hana baƙo

Babbar dokar filaye ta Indunusiya, Doka mai lamba 5 ta shekarar 1960, ta keɓe cikakkiyar mallakar ƙasa ga 'yan ƙasa kaɗai. Baƙon da ke da izinin zama zai iya samun haƙƙin amfani na wani lokaci ƙayyadadde, ko ya yi haya, amma ba zai mallaki fili mallaka ta har abada ba. Wasu baƙi, musamman a wuraren shaƙatawa irin su Bali, sukan zagaye wannan hani ta hanyar sayen fili da sunan wani ɗan ƙasa, su rubuta yarjejeniya a ɓoye tsakaninsu. Sashe na 26 na dokar ya rufe wannan ƙofa: duk cinikin da aka yi don miƙa mallaka ga baƙo, kai tsaye ko a fakaice, ɓatacce ne, filin ya koma hannun gwamnati, kuma kuɗin da aka biya ba a neman a dawo da shi. Wanda ya bi wannan hanya da kuɗin sadakar jama'a ya jefa amana cikin haɗari da saninsa.

Hanyar kafa kamfani mai jarin waje tana nan, sai dai an tsara ta ne domin manyan 'yan kasuwa, tunda ana buƙatar shirin jari da ya haura rupiya biliyan 10 a kowane fannin kasuwanci. Ƙananan sana'o'i da dama kuwa an keɓe su ga 'yan ƙasa da ƙungiyoyin gama-kai. Ma'anar duk wannan a fili take: ƙasar ta yanke shawarar kada baƙo mai kuɗi ya saye ƙauye daga hannun masu shi. Idan yana son alheri ga wurin, sai ya bi ta hukumomin da jama'ar wurin suka mallaka. Za mu kawo misalai biyu na irin waɗannan hukumomi.

Ponggok: ƙauyen da ya riƙe idon ruwansa

Ponggok ƙauye ne mai mutane kimanin dubu biyu a yankin Klaten na Jawa ta Tsakiya, tsakanin biranen Yogyakarta da Surakarta. A farkon shekarun 2000 ana lissafa shi cikin ƙauyuka matalauta. Allah Ya hore masa idanun ruwa masu tsabta, mafi shahara a cikinsu shi ne Umbul Ponggok, wanda a da wurin wanka da wanki ne kawai. A shekarar 2009, ƙarƙashin jagorancin shugaban ƙauyen, Junaedhi Mulyono, aka kafa kamfani mallakar ƙauye mai suna Tirta Mandiri. Kamfanin ya gyara wurin, ya mayar da shi inda baƙi ke biyan kuɗi su yi ninƙaya cikin kifaye, su ɗauki hoto a ƙarƙashin ruwa. Hotunan suka bazu a intanet, jama'a suka yi ta tururuwa. A shekarar 2016 kuɗin shigar kamfanin ya haura rupiya biliyan 10.

Abin lura a nan shi ne tsarin mallaka. Ba a sayar da idon ruwan ga wani attajiri daga birni ba, ya ci gaba da zama na ƙauye. An buɗe wa magidantan wurin damar saka hannun jari, a riƙa ba su rabonsu daga abin da aka samu. Matasa suka samu aiki, mata suka samu rumfunan abinci da sarrafa kifin karfasa da ake kiwo a yankin. Daga abin da ke shiga asusun ƙauye aka fito da shirin tallafa wa ɗalibai da kuɗi duk wata, da burin kowane gida ya samu wanda ya kammala jami'a.

Dole mu fayyace abu biyu. Na farko, kamfanin Ponggok ba waƙafi ba ne a shari'ance, kamfanin ƙauye ne da dokar ƙasa ta tsara. Mun kawo shi ne saboda ya yi kama da waƙafi a wajen riƙe asali da raba amfani. Na biyu, nasararsa ba ta nufin duk wanda ya kwaikwaya zai dace. Dokar Ƙauyuka mai lamba 6 ta shekarar 2014 ta sa gwamnatin ƙasa ta fara tura kuɗi kai tsaye zuwa ƙauyuka, daga kimanin rupiya tiriliyan 20 a 2015 har zuwa tiriliyan 70 a 2019, kuma dubban ƙauyuka suka kafa kamfanoni irin na Ponggok. A ƙarshen 2019 Shugaba Joko Widodo da bakinsa ya koka cewa fiye da dubu biyu daga cikinsu ba sa aiki. Da yawa an kafa su ne a takarda, babu sana'ar da ta dace da wurin, babu mai iya riƙe littafin lissafi. Sannan da annobar korona ta zo a 2020 aka rufe wuraren shaƙatawa, ƙauyukan da suka dogara da baƙi kaɗai suka ɗanɗana kuɗarsu. Wanda ya ɗaure arzikin ƙauye a kan sana'a guda ya ɗaure shi a kan abin da ba ya da iko da shi.

Gontor: makarantar da masu ita suka sallama

Misali na biyu waƙafi ne tsantsa. Gontor ƙauye ne a yankin Ponorogo na Jawa ta Gabas. A shekarar 1926 wasu 'yan'uwa uku, Ahmad Sahal da Zainuddin Fananie da Imam Zarkasyi, suka raya makarantar kwana ta addini a wurin, irin wadda ake kira pesantren, wadda ta yi kama da tsangaya. Sun ga yadda manyan makarantun yankinsu suka dusashe bayan rasuwar malamansu, domin makaranta takan zama gado, magada kuma ba lalle ne su gaji ilimi da himma ba. Daga cikin wuraren da suka ɗauka abin koyi akwai Azhar ta Masar saboda ƙarfin waƙafinta, da Shinƙiɗ ta Muritaniya saboda ikhlasin malamanta.

A watan Oktoba na 1958 suka ɗauki matakin da ya bambanta su da saura. Suka sallama makarantar da filayenta da gine-ginenta a matsayin waƙafi ga al'ummar Musulmi, suka damƙa amanarta ga majalisa mai mutum 15 daga tsofaffin ɗalibanta. Daga ranar 'ya'yansu ba su da haƙƙin gado a cikinta. Da na ƙarshensu, Imam Zarkasyi, ya rasu a 1985, majalisar ce ta zaɓi sababbin shugabanni, karatu bai tsaya ba. A yau makarantar tana da rassa a sassan ƙasar, da jami'a, da dubban ɗalibai, kuma tana da gonakin shinkafa da maɗaba'a da shaguna waɗanda ribarsu ke komawa cikin hidimarta. Mutanen ƙauyukan da ke kewaye suna cin arziki ta hanyar noma filayenta da yi wa ɗalibai hidima.

Asalin wannan aiki sananne ne a wurin malamanmu. Lokacin da Sayyidina Umar, Allah Ya yarda da shi, ya samu gona a Khaibara ya nemi shawarar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sai aka nuna masa ya tsare asalinta ya yi sadaka da amfaninta, kada a sayar, kada a kyautar, kada a gada. Haka Sayyidina Usman, Allah Ya yarda da shi, ya sayi rijiyar Ruma a Madina ya bar wa Musulmi.

Yadda dokarsu ta tsare waƙafi da zakka

Indunusiya ta zuba waɗannan hukunce-hukunce cikin Doka mai lamba 41 ta shekarar 2004. Mai yin waƙafi yana furta niyyarsa a gaban jami'in da aka naɗa, wanda a sha'anin filaye shi ne shugaban ofishin harkokin addini na gunduma, tare da shaidu biyu, a rubuta takarda, sannan a yi wa filin rajista. Dokar ta hana a jinginar da dukiyar waƙafi, ko a ƙwace ta, ko a kyautar, ko a sayar, ko a gada. Musanya ta ma sai da izinin minista da sharuɗɗa masu tsauri. Mai kula da waƙafi, wato naziri, dole ya zama Musulmi ɗan ƙasa, amintacce, kuma ladansa ba zai wuce kashi 10 cikin ɗari na tsantsar ribar da aka samu ba. Baƙo yana iya zama mai bayarwa, amma riƙon amanar na 'yan ƙasa ne. A 2007 aka kafa hukumar waƙafi ta ƙasa domin sa ido a kan nazirai.

Dokar ta yarda da waƙafin tsabar kuɗi, wanda majalisar malaman ƙasar ta ba da fatawar halascinsa tun 2002, kuma ana saka shi ne ta cibiyoyin kuɗi na Musulunci da minista ya ayyana. Ta kuma yarda da waƙafi na wani lokaci ƙayyadadde, ra'ayin da malamanmu na Malikiyya suka daɗe da shi. Da wannan, wanda ba ya da gona ko gida ma yana iya shiga cikin ladan.

Zakka kuwa dokarta daban, mai lamba 23 ta shekarar 2011, kuma hukumar zakka ta ƙasa, BAZNAS, ita ke jagorantar tarawa da rabawa, da ƙananan rassan tarawa har a masallatai da ƙauyuka. Dokar ta ba da damar a yi amfani da zakka wajen ba talaka jarin sana'a, da sharaɗin an riga an biya buƙatunsa na dole. Raba dokokin biyu ya dace da shari'a, domin zakka haƙƙin mutane ne iri takwas da Alƙur'ani ya ambata, ana mallaka musu ita, waƙafi kuwa ana tsare shi ne.

Duk da haka ba su tsira daga matsala ba. Mafi yawan filayen waƙafin ƙasar masallatai ne da maƙabartu da makarantu, waɗanda ke buƙatar kuɗin kulawa amma ba sa kawo kuɗi. Kaso mai yawa kuma har yanzu ba su da takardar rajista, saboda kakanni sun bayar da baki ne kawai. Idan ƙasa ta yi daraja, shaidu suka rasu, sai jikoki su taso da da'awar gado. Wannan ciwo ne da kwamitocin masallatanmu suka sani sarai.

Abin da muke roƙon masu bayarwa da kwamitoci

Ga mai son taimaka wa wani ƙauye a Indunusiya, shawararmu ita ce kada ya sayi fili da sunan kowa. Ya nemi naziri mai rajista ko hukumar zakka mai lasisi, ya ga takardunsu da rahoton kuɗinsu da aka bincika, ya tabbatar an kai maganar aikin gaban taron ƙauye. Idan hannun jari zai saka a wata sana'a, ya tabbatar rabo yana bin riba da asara ne, domin kason da aka yanke tun farko a kan uwar kuɗi, a samu ko a rasa, kuɗin ruwa ne ko da wane suna aka kira shi.

Ga kwamitocin masallatanmu na gida kuwa, muna roƙon abubuwa huɗu a shekara mai kamawa. Kowane kwamiti ya lissafa filaye da shaguna da gonakin da aka bar wa masallacinsa, ya rubuta takardar hubusi ga duk wanda ba ya da ita tun masu bayarwa da shaidu suna raye, ya kai ta inda hukuma za ta amince da ita. Ya raba asusun zakka da na waƙafi da na sadakar yau da kullum, kada kuɗin talaka ya shiga siminti. Ya ƙayyade ladan mai kula a rubuce, domin wanda aka ɗora wa aiki ba lada shi ne ake jarraba da taɓa amana. Sannan ya karanta lissafinsa a gaban jama'a aƙalla sau ɗaya a shekara, ya liƙa shi a inda kowa zai gani.

Ga mai niyyar gina sabon masallaci ko makaranta a karkara, muna ba shi shawarar ya haɗa ginin da abin da zai riƙe shi, ko da shago biyu ne, ko gona, ko injin niƙa, ko rijiyar burtsatse da ake biyan ɗan abin gyara. Ya fara tambayar mutanen wurin abin da ƙasarsu take da shi da abin da suka iya, kamar yadda mutanen Ponggok suka duba idon ruwan da suka gada. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, don haka ya bar musu gurbin da za su saka nasu, ko ƙarfinsu ne a aikin gayya, domin abin da mutum ya zuba guminsa a ciki ba ya barin ya lalace yana kallo. Ƙofar gidauniyarmu a buɗe take ga duk kwamitin da ke neman taimako wajen rubuta takardar waƙafi ko tsara littafin lissafi.

Muna roƙon Allah Ya karɓi abin da kuka bayar, Ya sanya shi sadaka mai gudana a gare ku da iyayenku, Ya ba waɗanda aka ɗora wa amana ikon sauke ta, Ya kuma albarkaci 'yan'uwanmu na Indunusiya da sauran ƙasashen Musulmi. Amin.